Ɗigon Dalmar Maryse

A garin Thoiry, a gindin dutsen Jura, ba kowa ya san Maryse Duraffour da sunanta ba, amma in ka ce matar nan mai gyara wa mutane rediyo ranar Asabar, kowa zai nuna maka gidan. Gyaran rediyon taimako ne kawai. Ainihin aikinta yana ƙarƙashin ƙasa, mita ɗari a ƙasan gonakin masarar da take ratsawa kowace safiya, inda ta yi shekara talatin da huɗu tana liƙa waya da dalma.

Hannun uwarta ta gada. Uwar, Léontine, ta yi rayuwarta tana tsallaka iyaka zuwa Geneva, tana harhaɗa cikin agogo, tana ɗaukar noti ƙanƙane kamar ƙwayar gishiri ba tare da ta riƙe numfashi ba. Tana da shekara hamsin da shida hannun ya fara rawa. Aka sallame ta da furanni da agogon hannu wanda ta kasa ɗaura wa kanta. Shekara goma sha ɗaya ta yi zaune a bakin taga, ta danne hannu ɗaya da ɗaya, kafin ta rasu. Maryse ce ta riƙa ba ta miya a baki.

Tana da shekara ashirin da huɗu aka ɗauke ta a babbar cibiyar binciken da ke bakin iyaka, wadda mutanen yankin ke kira Rami kawai. A can ne ake kora ƙwayoyin da ido ba ya gani cikin wani dogon zobe a ƙarƙashin ƙasa, a gwara kansu, sannan masana su zauna suna karanta ɓaraguzan. Maryse ba ta taɓa cewa ta gane abin da suke karantawa ba. In an tambaye ta sai ta ce, "Ni waya na sani." Kuma ta san ta. Ana cewa in ka ga ɗigon dalma yana sheƙi kamar idon kifi, ba sai ka duba sa hannu a takarda ba.

Abokin aikinta na tsawon shekara talatin shi ne Amandio, ma'aikacin lantarki daga arewacin Portugal, mutum mai ƙaton ciki da bakin da ba ya hutawa. Gimbiya yake kiranta, ita kuma ta kira shi Sarkin Surutu. Tare suke sauka a lif, tare suke cin burodi da cuku a kan akwatin kayan aiki, tare kuma aka tura su aikin Dakta Ilaria.

Ilaria 'yar Napoli ce, siririya, shekarunta sun kusa arba'in, kuma kwantiraginta na ƙarshe take ci. Ta samu izinin kafa na'urarta a wani tsohon lungu da aka daina amfani da shi, can nesa da inda ake gwara ƙwayoyin, da dutse mai kaurin gaske a tsakani. Ranar farko Amandio ya dubi wurin, ya dubi ruwan da ke tsatsafowa a bango, ya ce, "Dakta, laifin me kika yi aka jefo ki nan? Ko ɓera ba ya biyowa ta wannan lungun."

"Abin da nake so ke nan," in ji ta. "Ku zauna in gaya muku, don ku san abin da kuke ɗaura wa waya. Duk abin da ido ke gani a duniya, taurari da duwatsu da cikin nan naka, ɗan kaɗan ne. Mafi yawan nauyin na wani abu ne da ba a taɓa gani ba. Muna zaton wani lokaci, idan aka gwara ƙwayoyin can, ɗaya daga cikin nasa yakan fito. Dutse ba ya tare shi. Zai ratso ya iso nan, kuma in mun yi sa'a ya fashe a gabanmu."

"To yaya za ki san shi ne?" Maryse ta tambaya.

Ilaria ta dafa wani faranti mai faɗin ƙofar kabad da ke gaban na'urar. "Wannan shi ne mai gadi. Duk ƙwayar da muka sani, in ta wuce ta cikinsa sai ya yi ƙara. Bayansa ɗaki ne fanko, bayan ɗakin kuma idanun na'ura. Ranar da idanun suka ga sawu biyu sun fito daga ɗakin, alhali mai gadi ya ce ba wanda ya shiga, to baƙon ya zo."

"In kuma mai gadin ya yi gyangyaɗi fa?" in ji Amandio.

"Shi ya sa na roƙa a ba ni Madam Duraffour."

Lokacin nan babban yatsan Maryse na dama ya riga ya fara motsi shi kaɗai. A watan Oktoba ta fara lura, tana zaune a coci. Ta daina shan kofi, ta ce wa mutane ciki ne ke damunta. Ta koyi sa hannun a aljihu in ana hira. Da ƙarfen dalma a hannu kuwa yakan natsu, sai ta ce wa kanta gajiya ce.

Juma'ar ƙarshe ta Fabrairu aka sa za a rufe Rami. In an rufe an rufe ke nan, domin muddin injin da ke kora ƙwayoyin yana aiki ba mai rai da zai shiga ya fito da lafiyarsa. Ƙarfe huɗu masu sintiri za su bi kowane lungu da tocila suna kiran ko akwai mutum, sannan a busa jiniya a zare makulli. Ƙarfe uku Maryse tana durƙushe gaban wani akwati mai girman burodi, wanda duk maganar mai gadi ta cikinsa take bi ta hau sama. Waya arba'in da takwas ne. Arba'in da bakwai sun tafi lafiya. A ta ƙarshe bakin ƙarfen ya kama rawa a kan wayar, ta danne, ya ƙi, ta ɗaga shi kafin dalmar ta gama kwanciya. Ɗigon ya fito a dusashe, kamar toka.

Ta sa mita ta auna. Mita ta ce wuta na wucewa. Ta san abin da ya kamata, a narke a sake. Amma hakan dole sai ta kira Amandio ya zo ya riƙe mata wayar, shi kuwa in ya sunkuyo zai ga hannun.

"Gimbiya, a nan za mu kwana ne?" ya kira daga bakin lungun. "Ga 'yan tocila can sun taho. Ni fa ba zan yi wata bakwai a nan ina cin waya ba."

Ta rufe murfin, ta ɗaure noti huɗu, ta sa hannu a takarda. A cikin lif suna hawa suka ji jiniya tana tashi daga ƙasa, tana biyo su.

Maris ya wuce, Afrilu ya wuce, ba abin da ya faru, har zuciyarta ta fara kwanciya. Cikin Mayu, wata ranar Talata da hantsi, aka kira su duka ɗakin taro aka rufe ƙofa. Ilaria ta haska hoto a bango. Wuri ne baƙi wuluk, sai ga layi biyu sun fito daga tsakiyarsa sun rabu kamar bakin almakashi. Ba abin da ya shiga. Farfesa Stucki, dattijon da ke shugabantar aikin, ya cire tabarau ya goge, ya ce, "Guda ɗaya ba komai ba ne. Kuma duk wanda ya furta wannan a waje, ko ga matarsa ne, ni da shi ne."

Maryse tana kujerar baya, hannunta a aljihu.

Hoto na biyu irinsa ya zo a Yuni. Daga nan lamarin ya canza. Mutanen da ba sa ko gaida Ilaria suka fara tsayar da ita a hanya. Aka duba komai da za a iya dubawa daga sama, aka tambayi mai gadi sau dubu, kullum yana amsawa daram. Ilaria ta rame, idanunta suka faɗa, amma tana tafiya kamar ba ta taka ƙasa. Duk inda ta haɗu da Maryse sai ta kama kafaɗarta ta ce, "Mai gadinki bai taɓa ƙiftawa ba." Maryse ta yi murmushi, ta wuce banɗaki ta tsaya gaban famfo har sai ƙirjinta ya lafa.

A gida kuwa akwai Gaspard, mijinta, tsohon direban bas wanda ya yi ritaya ya koma noman tumatir. Wata ranar Lahadi suna cin abincin rana, cokalinta ya riƙa bugun bakin kwano, ƙar, ƙar, ƙar. Ta ajiye shi. Gaspard bai ɗago ba ya ce, "Ci abincinki, tsohuwa. Tun Kirsimeti nake ganin hannun nan."

"Ka gani ka yi shiru?"

"Ke da kike da shi kin yi magana?"

Sai ta gaya masa duka, har abin da Farfesa ya hana a faɗa. Ya saurara yana murza ɓawon burodi a kan tebur. Da ta gama ya ce, "Mita ta ce lafiya?"

"Ta ce."

"To ke kin fi mita ne? Saura miki shekara guda da 'yan watanni ki fita da mutuncinki. Su da suke da digiri rututu, in akwai matsala su gano abinsu. Kina buɗe baki za su aika ki wajen likita, daga nan kin san sauran. Na ga yadda aka yi da uwarki."

"Gaspard, dalmar da ba ta kwanta ba takan yi shekara tana aiki, sai ta saki na ƙiftawar ido ta sake kamawa. Ba mitar da za ta gani daga sama."

"Kin tabbata ta saki?"

"Ban tabbata ba."

"To a kan ban tabbata ba za ki rushe kanki, ki rushe yarinyar mutane?"

Ta bar maganar, Yuli ya shige. Ta fara mafarkin akwatin, tana kwance noti huɗu, tana gama na huɗu na farko ya koma ya ɗaure. Amandio ya lura ta daina rama masa tsiya. Ya ce, "Gimbiya, ko Gaspard ya fara dukanki ne in zo in zauna masa a kai?" Ta ce zafi ne ke damunta.

Na uku ya zo a tsakiyar Agusta. Washegari Ilaria ta same ta a kantin cin abinci, ta ajiye tire a gabanta ta zauna, fuskarta kamar an kunna fitila. Ta rage murya ta ce Farfesa ya yarda, za a kai maganar babban taron Oktoba, gaban duniya. Sannan ta ce, "Kin san wani kamfani a Milan ya ba ni aiki na dindindin, suna jiran amsa tun bazara? Yau da safe na rubuta musu na ce na gode. Mahaifiyata ta yi kuka a waya, ta ce na haukace."

Maryse ta dubi tiren, ta dubi matar. Ta zaro hannunta daga aljihu ta shimfiɗa shi a kan tebur, tsakanin kofi da burodi, ta ƙyale shi. Yatsan ya kama aikinsa, na kusa da shi ya bi, har cokalin da ke gefe ya ɗauki rawa.

"Dakta, dubi nan."

Ilaria ta duba. Da farko tausayi ne ya zo fuskarta, ta miƙo hannu za ta dafa. Sai ta tsaya. Maryse tana kallo hasken ya bar fuskar a hankali.

"Wace waya?"

"Ta arba'in da takwas. Wadda ke ɗauke da rabin farantin na ƙasa."

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun ranar da na rufe murfin."

"Fabrairu." Ilaria ta ƙirga a yatsunta, ba ta ɗaga murya ba. "Wata shida kina kallona ina yawo ina yabonki. Da jiya kika faɗa, Madam Duraffour. Jiya kawai."

Ta tashi ta bar abincin ko taɓawa ba ta yi ba.

Saura kwana goma sha tara a tsayar da injin na 'yan kwanaki don gyare-gyare, kuma kafin nan ba mai iya sauka. Kwanakin nan Maryse ba ta taɓa ganin masu tsawonsu ba. Farfesa ya kira ta ofis, ya sa ta zana masa ɗigon a takarda, ya yi mata godiya da wani irin ladabi da ya fi zagi ciwo. Aka karɓe ƙarfen dalmarta aka ba ta aikin jera kaya a sito. Ilaria in ta hango ta sai ta canza hanya. Amandio kwana biyu bai ce mata uffan ba, a na uku ya shigo siton ya zauna a kan kwali, ya ce, "Shekara talatin. Na riƙe miki tsani, na riƙe miki jaka, na riƙe miki sirrin ranar da kika ƙona wa wani babban masani gemu. Waya guda ce ba zan iya riƙe miki ba?"

"Kunya na ji."

"Kunyar wa? Tawa? Ni da kika taɓa gani wandona ya yage a gaban minista?" Ya share hanci da bayan hannu. "Allah ya shirye ki, Gimbiya."

Ranar da aka buɗe, su huɗu suka sauka, kowa da hular kwano da jakar iskar numfashi a kugu. Ramin yana nan da ɗuminsa da warin ƙarfe, fitilu a jere har inda ido ya gaza. Suka yi tafiyar minti ashirin zuwa lungun. Amandio ya kwance noti huɗu. Maryse ba ta buƙaci madubi ba, daga tsaye ta nuna. Ilaria ta durƙusa da madubin ƙara girma, ta daɗe, sannan ta miƙa wa Farfesa. Tsaga ce siririya kamar gashi, ta zagaye gindin ɗigon.

Suka sa mita, wuta na wucewa. Suna tsaye suna kallon juna sai injin zuƙe ruwa da ke ƙarshen lungun ya tashi da kansa, kamar yadda yake yi in ruwan bango ya taru. Ƙasa ta ɗan girgiza a tafin ƙafarsu. Allurar mita ta faɗi ta tashi, da ƙyar ido ya kama.

"Shi ke nan," in ji Farfesa.

Amandio ne ya narke ɗigon ya sake, Maryse tana riƙe masa tocila da hannun hagu.

Sai dai maganar ba ta ƙare yadda kowa ya zata ba. Injin ruwan yana da rajistar duk lokacin da ya tashi. Ilaria ta ɗauko ta ta gwada da hotunanta uku. Na Mayu ya faɗo daidai daƙiƙar da injin ya tashi. Na Agusta ma haka. Na Yuni kuwa, injin ya yi awa biyar a kashe kafin ya zo, ya kuma ƙara uku bayansa. Aka nemi wani abin da zai girgiza ƙasa a wannan lokacin, jirgi ko babbar mota ko motsin dutse, ba a samu ba. Farfesa ya ce tsagaggen ɗigo ba ya buƙatar dalili kafin ya saki, kuma guda ɗaya ba komai ba ne. Aka janye daga taron Oktoba. Ba a rubuta komai ba sai 'yar takarda ta cikin gida a kan gyaran akwati.

Likita ya gaya wa Maryse sunan ciwon, sunan da ta riga ta sani. Ta bar aiki a Nuwamba, wata goma sha ɗaya kafin lokacinta. An yi mata ɗan biki, an sha giya an ci cuku, Ilaria ba ta zo ba. Kwantiraginta ya ƙare a ƙarshen shekara, ba a sabunta ba, wurin Milan kuma an riga an ba wani. Yanzu tana koyar da lissafi a wata sakandare kusa da garinsu.

Ranar da za ta tafi, da kayanta a bayan mota, ta tsaya a ƙofar gidan Thoiry. Ba ta yarda ta shiga ba, duk da Gaspard ya yi ta cewa ga kofi a wuta. Daga bakin ƙofa ta ce, "Ba sallama na zo yi ba, tambaya ce da ni. Ke kika san dalma. Ɗigo irin wannan, ba girgiza, ba zafi, ba wanda ya taɓa shi, yana saki?"

Maryse ta yi tunani sosai, domin ta san duk abin da ta faɗa matar nan za ta tafi da shi.

"A shekara talatin da huɗu ban taɓa gani ba. Amma ban taɓa barin irinsa a baya ba balle in sani."

Ilaria ta gyaɗa kai. Ta dubi gonar da ke ƙetaren titi, wadda aka girbe ta bar kututture, ta ce, "Da ɗigon nan lafiyayye ne, da na Yuni ya tsaya shi kaɗai, ba mai iya taɓa shi. Da an ƙara mini shekara uku in jira ɗan'uwansa." Ta shiga mota ta tafi.

An sake wa na'urar masu gadi huɗu, kowanne da akwatinsa, wasu mutane ke kula da ita. Maryse ta daina karɓar rediyo. Magani yana ɗan riƙe hannun da safe, sai ta taya Gaspard ɗaure tumatir kafin rana ta ɗaga. Amandio yakan zo duk Lahadi ta farkon wata da kwalbar giyar garinsu, ya cika gidan da surutu, ya zagi sababbin ma'aikata da ba su iya riƙe ƙarfe ba. Ba ta tambayarsa a gaban Gaspard. Sai ta rako shi bakin mota, ya buɗe ƙofa, sannan ta ce, "Lungun fa? Baƙon ya sake zuwa?"

Shekara ta uku ke nan amsarsa ba ta canza ba. Yakan girgiza kai ya ce, "Shiru, Gimbiya. Ko motsi."